Randar Dada

Abubuwa da dama na shekarun da na yi a gidan tarihi sun fice mini daga kai, amma ban taɓa mantawa da ranar da wata tsohuwa ta sauko daga dutse don ta ga randarta ba. Tunda kun ce in ba ku labari guda daga cikin aikin, wannan zan ba ku. Ba mai daɗi ba ne, kuma ba ni ne jigonsa ba. Labarin maigidana ne, Dakta Umaru, wanda ya kafa gidan da na yi wa aiki a nan Garwa.

Cikin shekarun saba'in ne, zamanin shugaban ƙasa na farko. Ina matsayin mataimakin mai adana kaya. Ga wanda bai san tsarin ba, darakta ne a sama, sai mai adana kaya, sai mataimakinsa, sai masu gadi. A takarda ke nan. A zahiri kujerar mai adana kaya ba a taɓa tura mata kowa ba, saboda haka ni da Dakta muke komai, daga sharar gilashi har rubuta wa ma'aikata rahoto. Ni ɗan unguwar Rumde Ajiya ne, kakana fataucin tufafi ya kawo shi daga Kano. Mahaifina har ya rasu bai gane aikina ba. In an tambaye shi sai ya ce ɗansa ya yi lakwal, wato boko, ya ƙare a gadin tukwane.

Dakta Umaru ubansa Bafulatani ne, uwarsa kuwa daga mutanen dutse ta fito. Ya yi karatun tarihin fasahar Afirka a Faransa har ya kai digirin dakta. Ya taɓa gaya mini cewa ranar da ya fara kallon ƙirar dangin uwarsa da idon basira, a cikin akwatin gilashi ne a Turai, an rubuta sunan Baturen da ya kwaso ta, ba a rubuta sunan maƙerin ba. Da ya gama karatu an so ya zauna can ya koyar, ya ƙi. Ya dawo gida, ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Garwa da Yawunde, babban birnin ƙasa, yana roƙon gini. Daga ƙarshe aka ba shi wani tsohon siton gyaɗa kusa da tashar jirgin ruwa, rufin kwano, da rana kamar tanda. Shi ya raba shi ɗakuna. Ɗaya na kayan gari, riguna da takubba da allunan malamai da littattafan hannu. Ɗaya na tsofaffin kayan yumɓu da aka tono daga wajen garin Kuseri. Babban ɗakin kuma na mutanen dutse ne, inda ya fi zuba ƙarfinsa.

Dokar aikin kuwa kamar yadda kuka san ta ce yau. Duk abin da ya shigo sai a rubuta wanda ya yi shi da wanda ya ba da shi, a sa masa lamba da farar tawada a ƙasansa. Da zarar lamba ta hau, ya zama dukiyar gwamnati. Ba zai fita ƙofa ba sai da sa hannun minista daga Yawunde.

Da rani muke fita rangadi cikin wata tsohuwar mota mai hawa dutse. A irin wannan fita ne, a duwatsun mutanen Fali da ke arewa da gari, muka haɗu da matar da muke kira Dada, wato uwa da Fillanci, don sunanta na yarensu ya fi ƙarfin harshena. Lokacin hukuma tana matsa wa mutanen dutse su sauko su zauna a fili. 'Ya'yanta maza sun riga sun sauka, ƙauyen ya watse, saura tsofaffi. A bayan ɗakinta akwai wata randa da ta kai ni ƙirji, baƙa, an zagaye wuyanta da ado mai tudu-tudu kamar ƙwayar dawa. Mahaifiyarta ce ta gina ta, kuma a cikinta ake dafa abin shan da ake rabawa a zaman makoki. Dakta ya daɗe yana zagaya ta. Bai tambaya a sayar masa ba. Ita ce da kanta, da muka koma karo na biyu, ta ce ya ɗauka. Ta ce 'ya'yanta ba sa son ganinta yanzu, in ta mutu awaki ne za su fasa ta. Sharaɗinta guda ne, a bar ta ta riƙa zuwa ganinta duk bayan girbi. Dakta ya dafa ƙirji ya ce ya yi alkawari, kuma randar ba za ta sake motsi daga inda zai ajiye ta ba. Mazan ƙauyen ne suka sauko da ita a kan sanduna, mu muna biye kamar masu rakiyar gawa.

Ta kuwa riƙa zuwa. Takan zauna a ƙasa gaban randar, ta ɗan yi magana da ita ƙasa-ƙasa, ta sha ruwa, ta tashi. Dakta da kansa yake kai ta tasha.

Haka muke har wata shekara, farkon damina, wani sakatare daga ofishin hukumar lardi ya zo. Saurayi ne mai tsabta, da kwat da jaka. Ya ce manyan baƙi za su zo daga ƙasashen waje, kuma gidanmu yana cikin wuraren da za a kai su. Ya zagaya ɗakuna, ya yaba. Da ya shiga babban ɗaki sai ya daina yabo. Da muka koma ofis ya ce daga sama an ce a kwashe kayan ɗakin nan kaf, a cika shi da kayan gari. Ya ce baƙin nan masu addini ne, ba a so su koma su ce arewacin ƙasar nan arna ne ke cikinsa, kuma ma malamai sun yi kuka.

Dakta ya yi masa bayani cikin natsuwa. Ya ce mutanen da suka yi kayan nan 'yan ƙasa ne, suna biyan haraji, 'ya'yansu na cikin soja. Ya ce wasu kayan ba za su jure ɗauka ba. Da ya ga bayanin ba ya shiga, sai ya ce to a ba shi umarnin a rubuce, don doka ta hana kaya fita ba da sa hannu ba.

Sakataren ya yi murmushi ya ce, "Misye Darakta, ba a ce ka ƙone su ba. An ce ka kawar. In baƙi sun tafi ka mayar da abinka."

Dakta ya ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "An ce."

Iyakar abin da muka samu ke nan. Da yamma Dakta ya ɗauke ni muka je wajen wani dattijon malami da ya ba mu aron littattafan kakansa, don mu ji ko gaskiya ne malamai sun yi kuka. Malam ya ce shi dai ba wanda ya tambaye shi, kuma bai ji a bakin kowa ba. Ya ce ya shiga ɗakin nan da ƙafarsa, ya ga aikin hannun bayin Allah, ya fito alwalarsa ba ta karye ba. Dakta ya yi ta buga waya Yawunde. In an samu layi, mai ofis ya fita. In mai ofis yana nan, layi ya yanke. Wanda ya samu daga ƙarshe ya ce masa wannan maganar lardi ce, su daidaita a can.

Ana saura kwana kaɗan baƙi su zo, da safe sai ga babbar mota a ƙofa, da jandarma guda, wato ɗan sandan soja, da fursunoni a baya. An ba mu wani sito na ma'aikatar ayyuka a bayan gari. Muka kwashe bargunan gidajenmu muka naɗe ƙananan kaya, 'yan tsana na itace masu duwatsun ado, da wuƙaƙen jifa, da ganguna. Da aka zo kan randar, Dakta ya roƙi jandarma a ɗauke ta a kan sanduna a tafi da ƙafa, kamar yadda ta zo. Jandarma ya ce shi ma umarni gare shi, mota da mutane su koma kafin azahar. Ba mugun mutum ba ne, har ya ba da haƙuri.

Muka shimfiɗa ciyawa a bayan mota, aka ɗora ta. Dakta ya cire kwat ya hau ya zauna ya rungume ta, ni ina riƙe da ɗaya gefen. An yi ruwa, hanyar duk zaizaya. Direba yana tafiya a hankali iyakar ƙoƙarinsa. Mun kusa isa, ƙafar baya ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ban ji wata ƙara mai yawa ba. Na dai ga randar ta buɗe a hannunsa, wuyan ya zame gefe, cikin ya zube tsakanin ƙafafunsa. Wani tsingaro ya yanke shi a damtse, jini yana bin farar rigarsa. Fursunonin suka tsorata, suna zaton a kansu za a ɗora. Abin da Dakta ya fara faɗa shi ne a gaya musu ba laifinsu ba ne. Sannan ya ce mini, "Ibrahima, tattara duka. Kar ka bar ko ɗaya cikin ciyawa."

Baƙi suka zo. Mun cika ɗakin da manyan riguna da darduma da muka aro daga 'yan kasuwar unguwarmu, wasu ma daga shagon babana. Suka zagaya a gurguje don an makara, suka sha lemo, aka ɗau hoto, suka tafi filin jirgi. Sakatare ya riƙe hannun Dakta ya ce an ji daɗi ƙwarai. Dakta ya tambaye shi yaushe za a mayar da kaya. Ya ce zai sanar da mu.

Bai sanar ba. Damina ta yi nisa, 'yan kasuwa suka karɓe rigunansu, babban ɗaki ya zauna fayau. Ba wanda ya ce a mayar, ba wanda ya ce kar a mayar, kuma makullin siton yana hannun ma'aikatar ayyuka, sai mun roƙa ake buɗe mana. Duk zuwa sai mun tarar da sabuwar ɓarna. Rufin yana yoyo, gara ta hau bango ta shiga ganguna. Muna kakkaɓewa, muna ɗora kaya a kan bulo, mu koma mu tarar ta canza hanya. Fasassun randar kam Dakta ya ɗauko su ya kai ofishinsa. Ya nemi a aiko da irin man haɗin da ake gyaran yumɓu da shi, bai zo ba. Muka gwada da ƙaro, ya riƙe ƙanana, ya kasa riƙe manya. Wata rana da muka haɗa kusan rabinta, muka fita cin abinci, muka dawo muka tarar ta sake zubewa. Daga ranar bai ƙara gwadawa ba. Na lura ya daina gyara mini Faransancina a rahoto, ya daina faɗa in an bar ƙura a gilashi. Yakan zo da safe ya zauna, ya tashi da yamma.

Da girbi ya matso ya je ya gaya wa sakatare cewa mai randar tana nan tafe. Sakatare ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a ce mata an kai randar Yawunde baje koli, tsohuwa ce, ba za ta je dubawa ba. Dakta ya dawo ya maimaita mini maganar.

Ranar da ta zo ina share baranda. Na hango ta daga bakin titi da sandarta, da ɗan ƙunshin gyaɗa a ka, tsarabar da take kawo mana kullum. Ta gaishe ni ta nufi babban ɗaki kai tsaye. Ban san yadda zan tare ta ba. Ta tsaya a ƙofa tana kallon ɗakin, babu komai sai alamar inda kaya suka zauna a ƙasa. Kafin ta juyo Dakta ya fito. Ya durƙusa ya gaishe ta da Fillanci, ya kama hannunta ya kai ta ofis. Ya riga ya shimfiɗa tabarma, ya jera fasassun a kai.

Ya gaya mata komai yadda ya faru. Bai ambaci sakatare ba, bai ambaci jandarma ba. Ya ce shi ya yi alkawari, kuma a hannunsa ta fashe. Ta zauna a bakin tabarmar. Ta ɗauki wani yanki na wuyan, ta bi adon da ɗan yatsa, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ba ta yi kuka ba. Mun daɗe a haka, har na ji ƙafata ta mutu.

Can ta tambaye shi ko mutane sun gan ta lokacin da take tsaye. Ya ce sun gani, 'yan makaranta aji-aji, da baƙi, da mutanen gari.

Ta ce, "An faɗa musu wadda ta gina ta?"

Ya ce, "An faɗa, Dada. Sunanta na rubuce a jikin bango."

Ta gyaɗa kai. Sai ta ga tabon damtsensa, ta tambaya, ya ce randar ce. Ta kama hannun ta duba, ta ce ya riƙa shafa man kaɗanya. Daga nan ta ce tana so ta tafi da su. A wurinsu, in tukunyar mace ta fashe bayan ranta, a kan kabarinta ake zubawa. Ta ce ba ta da ƙarfin ɗauka, ko zai sa a kai mata.

Ni na san abin da ke gindin randar, farar lambar da na rubuta da hannuna. Ko a fashe, dukiyar gwamnati ce. Na matsa na ce masa da Faransanci a hankali, ya kamata mu rubuta wa minista tukuna. Ya ce ya sani. Ya ce watanni nawa muke jiran izinin mayar da kayanmu cikin ɗakinmu, ita kuma in na dube ta, damina nawa nake gani ta rage mata. Ya ce in kawo buhuna.

Mu muka kai ta. Mota ta tsaya a gindin dutse, muka ɗauki buhunan a kafaɗa, tana gaba da sanda, muna tsayawa in ta tsaya. Ƙauyen ya ƙara mutuwa, ɗakuna sun rufta. Ta nuna mana wani tarin duwatsu a gefen gona, kabarin mahaifiyarta, ta ce mu ajiye mu koma baya. Ita kaɗai ta zazzage su. Da za mu sauko Dakta ya tambaye ta, cikin jin nauyi, ko akwai wadda za ta iya gina irinta. Ta nuna masa hannuwanta suna rawa. Ta ce 'yan mata yanzu kwanon kasuwa suke so, ba wadda ta zauna ta koya. Ta sa masa albarka, ta kira shi ɗanta, ta ce ya daina sa abin a rai, yana ramewa.

Da muka dawo ya zauna ya rubuta rahoto. Da ya ce randar ta fashe an zubar, da ba wanda zai tambaya, don ba wanda ke karanta rahotonmu. Amma ya rubuta yadda aka yi tun daga farko, umarnin baki, da motar fursunoni, da siton da ke yoyo, da abin da gara ta ci, da cewa shi da kansa ya mayar wa mai ita fasassun ba da izini ba. Ya aika Yawunde, ya aika wa lardi kwafi. Wannan karon an karanta. Amsa ta zo da sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Ba a ce komai kan umarnin ba. An tuhume shi da fitar da dukiyar gwamnati ba bisa ƙa'ida ba. Bayan ɗan lokaci kuma aka aiko cewa an ƙara masa girma, an mai da shi mai ba da shawara a ma'aikata a Yawunde. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a lokacin ya san irin wannan ƙarin girma. Tebur ne da kujera, babu aiki.

Kafin ya tafi ya je ya karɓo makullin siton kamar yadda muka saba, bai mayar ba. Ya yi hayar amalanke da kuɗinsa. Ni da shi da masu gadi muka yi ta jigila, muna tafe a gefe muna riƙe da kaya. Abin da gara ta cinye muka ware, abin da ya tsira muka mayar mazauninsa. Ina ta jiran jandarma, ina kallon titi. Ba wanda ya zo, ranar ko bayanta. Shi kansa sakataren ya kawo wasu baƙi bayan shekara, ya shiga babban ɗaki da su, yana nuna musu wuƙaƙen jifa yana cewa ga al'adunmu. Ko dai ya manta, ko wanda ya ce ɗin ya manta, ban sani ba.

Na raka Dakta har garin Ngawundere ya hau jirgin ƙasa.  A hanya ya ce mini in riƙa duba ƙasan ganguna in damina ta faɗi, in kuma an kawo sabon abu kar in yarda ya shiga ba sunan mai shi. Ya yi sauran shekarunsa a wancan tebur, yana koyarwa jefi-jefi, ya rubuta abin da ya iya rubutawa. Ɗalibansa da yawa sun zama manya a wannan fanni. Bai sake riƙe gidan tarihi ba. Dada ma ba ta sake saukowa ba, daga baya na ji ta rasu.

A wajen horo za a koya muku gara da laima da ɓarawo, kuma gaskiya ne, duk na yi fama da su. Amma a shekarun da na yi, abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne maganar da ta zo daga sama ba mai ita, a aiwatar da gaggawa, in ta ɓaci a nemi na ƙasa. Wannan ba ta da magani a kanti. Abin da kawai za ku iya shi ne ku tambaya wa ya ce, ku nemi a rubuta, ko da kun san ba za a rubuta ba. Ku kuma tuna cewa lambar da kuke sa wa kaya ta gwamnati ce, amma kowane abu a ɗakunan nan wani ne ya miƙo shi da hannunsa don ya yarda da mutumin da ke tsaye gabansa. In abu ya lalace a hannunku, ku gaya wa mai shi da bakinku. Ni dai a aikin nan na ga mai kaya ya yafe, ban taɓa ganin ofis ya yafe ba.